Yadda Na Cinye Gudunmawata da Bakina

Ba zan taɓa mantawa da Alhamis ta biyu a watan Azumin Tsofaffi ba, tsakanin azahar da la'asar, a zauren gidana da ke Birnin Kudu. Mu uku ne a zaune: ni, da Malam Buba na Maruta, abokin karatuna tun muna samari, da Audu marini, maƙwabcina. Akwai na huɗu, ƙanena Sale, wanda shi ma gemunsa ya riga ya yi furfura, amma shi shiga da fita kawai yake yi da akusa, ya ƙi yarda ya zauna. A lokacin na ɗauka ladabi ne. Daga baya na gane tsoro ne.

Kafin in kai ga abin da ya faru, wajibi ne in bayyana kaina yadda nake, ba yadda nake so a ce nake ba. Ni mutum ne mai son a yi abu daidai. Shekara arba'in ina karantarwa, ban taɓa barin wasali ɗaya ya karkace a allo na kau da kai ba. Tabarma in aka shimfiɗa ta a karkace, sai an naɗe an sake. Na taɓa mayar da tuwo cikin gida, ga ni da yunwa, don kawai an rufe akushin da faifan da ba nasa ba. Mutanen unguwa suna ganin girmana, amma na lura duk lokacin da na doso majalisa sai hira ta tsaya, kowa ya kai hannu ya gyara hularsa (a da wannan yana yi mini daɗi ƙwarai, Allah ya yafe mini).

Rana ɗaya ce a mako nake sakin fuska, ita ce Alhamis. Karatu yana tashi tun yammacin Laraba, ba a komawa sai an wuce Juma'a. Saboda haka da an yi sallar asuba, ni da Audu sai mu fita ta ƙofar gari. Wani makon mu nufi Kangire, wani makon Unguwar Ya, wani lokacin kuma mu tsaya a gindin duwatsun bayan gari mu shimfiɗa buzu, mu dama furar da muka taho da ita. Audu ya yi ta ba da labaran da rabinsu ƙarya ne, ni kuma in yi ta nuna wa manoma yadda ya kamata su jera damman gero a rumbu, ko da yake ban taɓa jera ko ɗaya ba. Na kafa sharaɗi a gida cewa Alhamis tawa ce. Ba a bina, ba a aiko mini, sai dai in mutuwa aka yi.

Akwai wata doka kuma, wadda ita ce ta kai ni ga abin da zan faɗa. Wata shekara wani malami ya sauka a gidana ba na nan, sai mai ɗakina, wadda kowa ke kira Inna Dije, ta sa aka yanka masa kaza, alhali akwai akuya a ɗaure. Baƙon ya ci, ya yi godiya, ya tafi. Ni kuwa da na dawo na yi faɗan da har gida na uku an ji. Na ce, “Daga yau, in baƙo ya sauka, ina nan ko ba na nan, a duba abin da ya fi komai kyau a gidan nan a yanka masa. Kada a jira ni, kada a tambaye ni. Ni ba a maimaita mini magana, ni ma ba na maimaitawa.”

Ta ce, “To, Malam.”

Iyakar abin da ta ce ke nan. Shekara talatin da biyar muna tare, amma ban koyi jin tsoron wannan “to” ɗin ba.

Wata shida kafin Alhamis ɗin da nake ba da labari, na je Maruta wajen sa ranar auren Rabi, 'yar Malam Buba. Yarinya ce mai hankali, “Baba Malam” take ce mini, kuma wanda za ta aura ita da shi sun daidaita tun kafin manya su shiga. Shekarar ba ta zo wa Malam Buba da daɗi ba. Ciwo ya shiga dabbobinsa da damina, bai bar masa ko tunkiya ɗaya ba. Da aka zauna, 'yan uwa da abokan arziki suka fara faɗin abin da kowa zai kawo. Wannan ya ce damin dawa, wancan ya ce zane saƙi, wani ya ce man shanu. Na jira har kowa ya gama, domin ina so tawa ta zama ta ƙarshe. Sannan na gyara murya na ce, “Naman walima a bar mini shi. Rago zan kawo, wanda mutanen Maruta za su daɗe suna ba da labarinsa.”

(Wannan kam Allah ya karɓa. Har yau suna bayarwa.)

Malam Buba ya kama hannuna da hannu biyu ya ce, “Malam, ka sauke mini kaya mai nauyi.” Daga ranar bai sake neman wata dabba ba, domin ya san ni ban taɓa faɗin magana ta tashi ba.

Da na dawo na je rugar Fulani kusa da Kangire na zaɓo ɗan rago fari fat, da baƙi zagaye da idonsa na hagu. Na ɗaure shi a garkar bayan gida, gindin magarya. Dusa da kanwa da safe, harawa da yamma, wanka kowace Juma'a da sabulun salo. Ni da kaina nake duba haƙoransa da kofatansa. Ban bar kowa daga waje ya gan shi ba don gudun baki, har Audu, wanda ya sha labarinsa kowace Alhamis har ya gaji. A cikin gida kuwa ban gaya wa kowa dalilin kiwonsa ba, saboda a ganina zancen kyauta in ya shiga cikin gida, ta kan katanga yake fita. Sau ɗaya Inna Dije ta tambaye ni, “Malam, wannan ragon na mene ne ake ta wahala da shi haka?” Na ce, “Wanda ya ɗaure shi ya san abin da ya sa.” Da ta sake gwadawa bayan wata biyu, kallonta kawai na yi.

To, ranar nan ni da Audu Unguwar Ya muka je. Muka yini cikin nishaɗi, muka sha rake, muka yi azahar a can, sannan muka kamo hanya. Tun daga bakin lungunmu ƙamshin nama ya tare mu. Audu ya ɗaga hanci ya ce, “Malam, yau wani ya yi baƙon kirki.” Muna isa ƙofar gida na ga jaki a ɗaure, na shiga zaure na tarar da Malam Buba kishingiɗe a kan tabarma.

Muka gaisa, muka sake gaisawa. A shekarun nan ba a bin hanyar Gwaram, wadda mutanen Maruta ke bi, sai cikin ayari, saboda maharan da ke saukowa daga duwatsun kudu, don haka ba wanda ke iya sanar da ranar zuwansa. Ya ce ya sami fatake masu zuwa Kano ne ya biyo su, domin bai ga ya dace goron gayyatata ya zo ta hannun ɗan aike ba. Tun hantsi ya iso. Ya miƙo ƙunshin goro ya ce, “Juma'ar makon gobe, in Allah ya kai mu. Kwana takwas ke nan.”

Na ce, “Mu a shirye muke tun tuni.”

Sai ga Sale da akushi na fari, farfesun kayan ciki. Ya ajiye bai dubi kowa ba, ya juya. Ya dawo da tuwo da miyar taushe, nama ya rufe miyar har ba a ganinta. Ya sake dawowa da gasasshe a faifai, kitse yana ɗiga. Zuciyata ta yi fari. Na ce a raina, yau ga gida ya yi abin da aka koya masa. Akwai wani ɗan taure ramamme da nake da shi, sai na yanke cewa shi aka yanka, har ina mamakin yadda ya yi auki haka.

Na ce, “Bismilla, Malam Buba. Ka yi haƙuri da abin da ya samu, ɗan tauren gida ne.”

Audu ya ɗauki tsoka ya tauna, ya dubi rufin zaure ya ce, “Malam, wannan tauren naka da tumaki ya yi kiwo? Kitsensa na rago ne.”

Na ce, “Audu, shekara talatin kana karofi, shuni ya rina maka hannu, ashe har harshe ya kai. Ni za a koya wa naman akuya? Ni da in na ɗanɗana nama nake gaya maka irin ciyawar da dabbar ta ci?”

Ya ce, “Tuba nake, Malam.” Ya ci gaba da ci.

Da a nan na tsaya, da da sauƙi. Amma cikina ya ɗauka, ga abokina a gabana, ga sirrin wata shida yana cina. Na tsame hannu daga akushi, na nuna Malam Buba da ƙashin da ke hannuna na ce, “Wannan da kake ci kana lumshe ido, ai ba komai ba ne. Ka bari sai ka ga ragon Rabi. Malam Buba, na rantse tun da nake ban taɓa ganin dabba irinsa ba. In ya tsaya, bayansa kamar gado. Wuyansa sai ka sa hannu biyu. Ƙahonsa ya naɗe sau biyu. Fari fat kamar auduga, sai baƙi da ya zagaye masa ido kamar an sa masa kwalli.”

Na ga hannun Malam Buba ya tsaya tsakanin akushi da baki. Ya ce a hankali, “Baƙin nan, a wane idon yake?”

Na ce, “Na hagu.”

Ya mayar da loma cikin akushi ya ce, “Allah mai iko.”

Na ɗauka mamaki ne ya kama shi, don haka na ƙara. Na ba shi labarin dusa da kanwa. Na ba shi labarin wankan Juma'a. Na gaya masa yadda na tsara za a shiga da shi Maruta: da hantsi, lokacin da mutane suka cika ƙofar gari, da sabuwar igiya, ni a gaba. Ina yi ina ci. Na tuna sarai kafaɗa ce a hannuna, kuma sai da na tsotse ɓargonta.

Malam Buba ya ce, “Malam, ci abinci, yana hucewa.”

Audu ya ce, “A'a, ni dai yau sai na ga ragon nan. Wata shida ina jin labarinsa, har mafarkinsa na yi. Tun da mai shi ya zo, ai baki ba zai kama shi ba.”

Malam Buba ya ce, “Ƙafafuna sun gaji, a bari sai gobe.”

Sale, wanda ya shigo da ruwan wanke hannu, ya saki butar ta faɗi. Na harare shi na ce, “Kai har yanzu ba ka iya riƙe buta ba?” Sannan na miƙe, na gyara rawani, na ce, “Ku taso. Taku ashirin ne.”

Muka fita ta zaure, muka zaga ta lungu, ni a gaba kamar yadda na tsara za a yi a Maruta. Na ture ƙyauren garka, na matsa gefe, na miƙa hannu na ce, “Ku gani da idonku.”

Ga magarya. Ga turke. Ga igiya a ƙasa, ga ƙwaryar dusa an ci rabi. Gefe guda kuma, a cikin rana, ga fata fara fat an shimfiɗa, an kafe gefunanta da tsinke, an barbaɗa mata toka. An shimfiɗa ta daidai, ba karkata ko kaɗan, yadda nake so a yi komai.

Ban san tsawon lokacin da na ɗauka hannuna a miƙe ba. Abin da na sani shi ne, da bakina ya buɗe, maganar da ta fito ita ce mafi wauta da na taɓa yi a rayuwata. Na ce, “Wa ya kwance shi?”

Audu ya ce, “Malam, wannan ya wuce kwancewa. Har riga an tuɓe masa.”

Na juya wajen Sale, wanda ya laɓe a bayan ƙyaure. Na ce, “To tauren fa? Ina tauren?”

Ya ce, “Yaya Malam, taure ai ya mutu tun kaka. Na zo in gaya maka kana duba rubutu, ka ce kada in katse ka.”

Audu ya zauna a ƙasa, ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Malam Buba ya ce, “Ina kwance a zaure na ga Sale ya wuce da kan dabbar zai kai babbaka. Na ga idon. Ban san shi ne ba sai da ka fara siffanta shi, daga nan kuma ba ka bar mini wurin sa baki ba.” Ya yi ƙoƙarin murmushi ya ce, “Ba komai, Malam. Haka Allah ya rubuta.”

Wannan “ba komai” ɗin ya fi dariyar Audu zafi. Na dubi fuskarsa na ga abin da yake tunani. Kwana takwas. Gari guda an gaya musu a bar wa malamin Birnin Kudu nama. Gidansa ba ko ɗan akuya. Irin wannan rago kuwa ba a kasuwa ake samunsa ba, kiwo ake yi, kuma abin da ake kawowa kasuwa a tsakiyar rani ƙashi ne da fata. Mutumin nan ya yi tafiyar kwana biyu a kan jaki don ya girmama ni, ni kuma na zaunar da shi na ciyar da shi walimar 'yarsa, har ina ba shi haƙuri wai ɗan taure ne.

Abin da na saba yi in abu ya ɓaci shi ne in nemi mai laifi. Na cika ƙirji da iska, na juya wajen zanan da ya raba garka da cikin gida. Kafin in ce uffan, murya ta fito daga bayansa.

“Sannu da dawowa, Malam. Malam Buba, sannu da hanya. Ina fata abincin ya yi.”

Na ce, “Ke! Kin san abin da kika sa aka yanka?”

Inna Dije ta ce, “Abin da ya fi komai kyau a gidan nan. Na duba, na sake dubawa, ban ga wanda ya fi shi ba.”

“Ragon bikin Rabi ne!”

“Yanzu na ji.”

“Ba ki yi zato ba?”

Ta ce, “Zuciyata ta raya mini. Amma wannan zato ne, doka kuwa da kunnena na ji ta, ni da maƙwabta. Na ce wa Sale ya bi ka Unguwar Ya ya tambayo, ya ce ai ba mutuwa aka yi ba. Na tambaye ka sau biyu a baya, ka san amsar da na samu. To baƙo kamar Malam Buba ya sauka, in yanka masa kaza?”

(Har yau ban tabbatar ko akwai 'yar ramuwa a cikin lamarin ba. Na tambaye ta bayan shekaru, ta ce wanda ya yanka ya san abin da ya sa.)

Iskar da na cika ƙirji da ita ta fita a banza. Na nemi inda zan kama ta da kuskure, irin neman da nake yi wa allon ɗalibi, ban samu ba. Kowace gaɓa ta bi abin da na shimfiɗa. Duk garkar nan mutum ɗaya ne ya yi ba daidai ba, kuma shi ne mai rawani.

Na ce, da muryar da ni ma da ƙyar na ji, “Laifina ne. Ki yi haƙuri.”

Ta ce, “Malam, zanan nan yana da kauri, ban ji sosai ba.”

Audu ya ɗago kai daga cikin hula ya ce, “Mu ma nan ba mu ji ba.”

Na maimaita, da ƙarfi, a gaban ƙanena da abokaina biyu. Sannan na ce, “Yanzu yaya za a yi?” Ina jin wannan ne karo na fari da na yi mata irin wannan tambaya.

Ta ce, “Hannu ɗaya da wuya da kayan ciki kawai aka taɓa. Sauran duk yana nan a rataye a inuwa. Malam Buba, walimar taku dole sai an ga ragon yana tafiya da ƙafarsa, ko ci za a yi?”

Malam Buba ya ce, “Ci za a yi, Inna Dije.”

“To a ba ni itace, da man gyaɗa, da citta da masoro da kanumfari. Yadda muke yi wa naman layya ya kai wata uku bai yi komai ba, kwana takwas ne zai gagara? Rabi a soya da kitsensa, rabi a yi dambu. Dambun nama yana da auki, ragon da mutum talatin za su cinye a gashe, in aka daka shi sai ya zaga gari. Fatar kuma a kai majema, ango ya sami buzu.”

Na ga kafaɗun Malam Buba sun sauko. Ya ce, “Alhamdu lillahi. Allah ya yi miki albarka.” Sannan ya juyo gare ni, idonsa ya dawo irin na lokacin da muke samari, ya ce, “Malam, tun da a gaban shaidu ka ba ni ragon nan, ashe yau ni na yi maka liyafa a gidanka. Ka ƙoshi, ko a ƙaro?”

A nan ne dariya ta ƙwace mini. Rabon da in yi irinta har na manta. Muka yi ta yi mu huɗu a gaban fatar nan har aka kira la'asar.

Kwana biyu ana suya a gidana. Ni aka aika kasuwa neman kayan yaji, ni na je na roƙo babban kasko a gidan maƙwabta. Sau ɗaya na leƙa madafa, na ɗanɗana dambun, na buɗe baki zan ce gishiri ya ɗan yi kaɗan. Inna Dije ta tsayar da taɓarya ta dube ni. Na ce, “Ya yi daidai,” na fita. Tukwane huɗu aka cika, aka rufe bakinsu da faifai aka ɗaure tam.

Ranar Litinin muka sami ayari mai komawa Gwaram. Ni da Malam Buba da Audu a ƙasa, Inna Dije a kan jaki, tukwane a mangala a kan wani. Duk hanya ina addu'a mu isa lokacin da mutane ke gona ko masallaci. Bayan kwana biyu muka isa Maruta da hantsi, ƙofar gari cike, domin labarin ragon ya riga mu da wata shida. Mutane suka yi ta leƙen bayanmu. Wani dattijo mai sanda, kawun amarya, ya matso ya ce, “Malam, barka da zuwa. Ina ragon? Ko yana baya?”

Audu ya buga mangala ya ce, “Ga shi nan, Baba. Ƙiba ta hana shi tafiya, shi ne muka zuba shi a tukwane.”

Ina iya yin shiru a bar ta a haka. Amma na ga in ban faɗa da bakina ba, Audu zai faɗa da nasa, kuma nasa ya fi tsawo. Sai na tsaya a tsakiyar mutane na ba da labarin duka, tun daga doka har zuwa ɓargon kafaɗa. Na jira in ga raini a fuskokinsu. Dattijon ya dogara da sandarsa ya yi dariya har da tari, sannan ya ce, “Malam, shekara da shekaru kana zuwa garin nan muna tsoron gaishe ka kada mu yi kuskure. Ashe kai ma mutum ne. Shigo ka sha ruwa.”

Mata suka tare Inna Dije da guɗa suka shige da ita. Da yamma uwar amarya ta aiko da godiya mai yawa, kuma ɗan saƙon ya tabbatar mini, har sau biyu, cewa ba ni aka ce a kai wa ba, Inna Dije ce. Rabi kuma ta aiko a gaya wa Baba Malam ta yafe masa kafaɗar.

Abin da na koya ba shi da yawa, amma ya ishe ni. Mai kafa doka a gida ya fara tunanin ranar da za a bi ta sak, domin wannan ranar ta fi ranar da za a karya ta haɗari. Kuma in mutum zai ɓoye wa duniya sirri, to ya cire mai riƙe da wuƙa da mai riƙe da tukunya daga cikin waɗanda zai ɓoye wa. Tun daga lokacin, in aka kawo nama gabana, sai na tambayi sunan dabbar kafin in yabi wata.

An ɗaura auren ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Tukwane uku sun ishi walima, ta huɗu ta bi amarya ɗakinta.